Yaya ake cewa "ƙara" da Sinanci? Amsa ga mai sayar da kayan sauti

"Assalamu alaikum Malam. Ina tsaron shagon kawuna a Kano, muna sayar da lasifika da amfilifaya da makirfo, yawancinsu daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin ake kawo mana su. Na kai wata takwas ina koyon Sinanci a waya don in riƙa magana da masu kayan ba sai da tafinta ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kalmomin ƙara. Na duba ƙamus ya ba ni fiye da goma: dàshēng, xiǎng, chǎo, nào, xiǎngliàng, cáozá, da wasu masu gaɓa hurhuɗu. Kwanaki na so in yabi wata lasifika da aka turo mana samfur, na rubuta wa mai kayan hěn chǎo, sai ga shi yana ba ni haƙuri, yana tambaya ko zan mayar da ita. Wace ce kalmar gaskiya a cikinsu? Kuma ta yaya zan haddace su ba su cakuɗe mini ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: wace kalma ce ta dace da wane wuri, da yadda za a riƙe su a ka. Ta farkon ce mai nauyi, domin in ta warware, ta biyun ba za ta ba ka wahala ba.

Mai kayan nan bai yi maka mummunar fahimta ba. Abin da ka rubuta masa, 很吵 hěn chǎo, nufinsa "tana damun mutane", "ta cika mana kunne". Ƙorafi ne tsantsa, ba a yabo da shi. Da ka ce 声音很大 shēngyīn hěn dà, sautinta na da ƙarfi, ko 很响 hěn xiǎng, ka ƙara masa da 音质很好 yīnzhì hěn hǎo, sautin na fita tas, da godiya zai turo maka, wataƙila har da tambayar kwali nawa kake so.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya zube kalmomin wuri guda kamar duk abu ɗaya suke nufi. Duba tamu Hausar: ƙara, amo, hayaniya, kwakwazo, ihu, kururuwa, tsawa, rugugi, ruri, guɗa. Ba wanda zai ce an kai amarya ana kwakwazo alhali guɗa yake nufi, ba kuma wanda zai yabi ladan da cewa yana da hayaniya. Sinanci ma ya rarraba nasa, amma ba a inda muka raba namu ba. Abin da na ga ya fi buɗe wa ɗalibaina ido shi ne su daina tambayar ƙarfin sautin, su koma tambayar yadda mai ji ya ɗauke shi. Kusan kowace kalma a jerin da ka kawo tana ɗauke da hukuncin mai sauraro: wata aunawa kawai take yi, wata yabo ce, wata kuma kuka ce.

Kalmomi uku da za su ɗauke maka yawancin aikin

Ta farko ka riga ka san ta tun makon farko: 大 dà, babba. Sinawa da girma da ƙanƙanta suke auna sauti. 声音 shēngyīn shi ne sauti ko murya. In ya yi ƙarfi a ce shēngyīn dà, in ya yi ƙasa-ƙasa a ce 声音小 shēngyīn xiǎo. Ba yabo ba zargi a ciki, sai in ka sa masa 太 tài ka ce tài dà le, ya yi yawa. Daga nan aka samu 大声 dàshēng, wadda ke zuwa gaban aikatau: dàshēng shuō, yin magana da ƙarfi. In waya ba ta fita sosai ka ce 大声一点 dàshēng yìdiǎn, ɗan ɗaga murya. In kana so a rage, 小声一点 xiǎoshēng yìdiǎn. Abin murɗa sauti a jikin na'ura 音量 yīnliàng yake sarrafawa, don haka kāi dà yìdiǎn shi ne "ƙara mata murya", tiáo xiǎo yìdiǎn kuma "rage".

A nan Bahaushe ke yawan zamewa. Mu "ɗaga murya" da "yi ƙasa da murya" muke cewa, sai hannu ya kai ga 高 gāo da 低 dī, sama da ƙasa. A rubutu akwai 高声 gāoshēng da ke nufin ɗaga murya, amma a sana'arka 高音 gāoyīn siririn sauti ne, 低音 dīyīn kuma kakkauran nan mai dukan ƙirji. In ka gaya wa mai haɗa lasifika cewa sautin ya yi dī, yana iya ɗauka maganar kauri kake, ba ta ƙarfi ba. Ka bar ƙarfi a hannun dà da xiǎo.

Ta biyu ita ce 响 xiǎng, kuma aiki biyu take yi. Aikatau ce mai nufin abu ya yi ƙara: 手机响了 shǒujī xiǎng le, waya ta yi ƙara, líng xiǎng le, ƙararrawa ta kaɗa. Sifa ce kuma mai nufin sautin na da ƙarfi: zhège lǎba hěn xiǎng, wannan lasifikar tana tashi. Saboda aikin nan biyu, ka kula da yadda kake kore ta. 不响 bù xiǎng ba ya nufin muryarta kaɗan ce, yana nufin ba ta yin komai, shiru kake ji. In nufinka tana yi amma ba ta kai yadda kake so ba, 不够响 búgòu xiǎng za ka ce. Na farko zance ne na kaya ya lalace, kuma bidiyo za a nemi ka turo. Na biyu zance ne na a ba ka mai ƙarfin da ya fi wannan. Gaɓa ɗaya ce tsakaninsu, amma kuɗin da ke bayansu ba ɗaya ba ne.

Ta uku ita ce wadda ta kama ka, 吵 chǎo. Duk inda ta fito akwai wanda aka takura wa. Yara na chǎo, maƙwabci na chǎo, titi na chǎo. Sautin ma ba sai ya yi ƙarfi sosai ba. Hirar mutum biyu a bakin tagar mai barci ta isa. Daga gare ta ake samun 吵醒 chǎoxǐng, a tashi mutum daga barci da hayaniya, da 吵架 chǎojià, cacar baki, da 吵死了 chǎo sǐ le, wadda Basine ke faɗa in abin ya kai masa wuya. 别吵了 bié chǎo le, "ku rufa mana baki", magana ce ta uba ga 'ya'yansa ko tsakanin abokai. Kada ka jefa wa baƙo ita. Ga wanda ba ka sani ba ka ce bù hǎoyìsi, máfan xiǎoshēng yìdiǎn, wato a yi haƙuri, don Allah a ɗan rage. Ka lura da wani ɗan bambanci da ke rikita masu koyo: 有点儿 yǒudiǎnr tana zuwa gaban sifa, ƙorafi ce mai laushi, yǒudiǎnr chǎo, "da ɗan hayaniya", ita kuwa yìdiǎn bayan sifa take zuwa, roƙo ce a canza.

Hayaniyar da ake so

Ka ambaci 闹 nào. Ita kaɗai tana kusa da chǎo: yaro mai rigima ana ce masa nào, 吵闹 chǎonào hayaniya ce mai damu, agogo mai tada mutum kuma 闹钟 nàozhōng. Amma in aka sa mata 热 rè, zafi, a gaba, sai ta juye ta zama 热闹 rènao, ɗaya daga cikin kalmomin yabo da Sinawa suka fi ƙauna. Wuri ya cika, ana ci ana sha, ana kiɗa, ana ɗaga murya, kowa na cikin nishaɗi: rènao ke nan. Gidan abincin da ba rènao ana zargin girkinsa. Biki in ba rènao an ji kunya. In abokin cinikinka ya tambaye ka yadda hawan sallah yake a Kano, hěn rènao ita ce amsar. In ka ce hěn chǎo ka zagi garinku.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. A bikin bazara, wato sabuwar shekararsu ta gargajiya, ana kunna 鞭炮 biānpào, dogayen igiyoyin abin fashewa masu jar takarda, irin wanda yaranmu ke kira nokawut amma ɗaruruwa a jere, ana haɗawa da ganguna da kuge. Birnin Beijing ya haramta su a cikin gari a 1993 saboda gobara da raunuka da ƙara, aka yi ta ƙorafin cewa biki ya rasa armashi, har aka sassauta dokar a ƙarshen 2005, daga baya kuma aka sake tsaurarawa. Ƙarar guda ce, wani na ce mata rènao, wani na ce mata chǎo.

In murya ce ake yabo, akwai 'yan'uwa uku da suka ƙare da 亮 liàng, wadda asalinta haske take nufi. 响亮 xiǎngliàng ta fi faɗi: sauti mai ƙarfi kuma mai fita sarai, ko amsar ɗalibi ce, ko tafi, ko ma mari. 洪亮 hóngliàng ta murya ce mai kauri da cika, irin ta ladanin da ake ji daga ƙarshen unguwa ko babu lantarki, ana kuma faɗarta ga babbar ƙararrawa. 嘹亮 liáoliàng ta abin busa ce da waƙa, sauti mai tsini da ke tafiya nesa a fili. Kakaki da begila nan suke. Wannan ta ukun a littafi za ka fi ganinta. Mutumin da Allah ya yi wa babbar murya kuwa, wanda ko raɗa yake yi sai an ji, 大嗓门 dà sǎngmén ake ce masa, da ɗan zolaya a ciki.

Kalmomin allo da na hukuma

嘈杂 cáozá wuri take sifantawa, ba mutum ba: tasha, kasuwa, masana'anta, inda sautuka da yawa suka cakuɗe har ba ka iya tsintar ɗaya. 喧哗 xuānhuá a bango za ka fi haɗuwa da ita, a asibiti da ɗakin karatu da banki: 请勿大声喧哗 qǐng wù dàshēng xuānhuá, a daina ɗaga murya. Ka iya karanta ta, ba sai ka riƙa faɗarta ba. Haka 禁止鸣笛 jìnzhǐ míngdí a bakin titi, an hana danna hon, alhali direba in yana magana àn lǎba zai ce. 刺耳 cì'ěr kuwa ta baki ce, kuma za ta yi maka amfani: sauti mai sukar kunne, kamar ƙarar birki ko siririn sautin da ya wuce kima.

Sunan ƙarar da ba a so shi ne 噪音 zàoyīn, a takardun hukuma da na injiniyoyi kuma 噪声 zàoshēng. Ƙasar Sin na da dokar yaƙi da gurɓatar muhalli ta hanyar ƙara wadda ta fara aiki ranar 5 ga Yuni 2022, ta maye gurbin ta 1996. Iyakar ƙarar da suka sa wa unguwannin zama zalla ita ce desibel 55 da rana, 45 da dare (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), daren kuma daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe. Desibel da Sinanci 分贝 fēnbèi ne, za ka gan shi a jikin takardar bayanin kaya. Kalmar da maƙwabta ke kai ƙara da ita ita ce 扰民 rǎomín, damun jama'a, kuma abu biyu ne suka fi jawo ta: mai gyaran gida da na'urar huda bango, da 广场舞 guǎngchǎngwǔ, rawar motsa jiki da mata manya ke taruwa suna yi a filayen unguwa safe da yamma. Riƙe wannan kalma ta ƙarshe da kyau, domin lasifikar nan mai taya da hannun ja, wadda kuke sayar wa masu wa'azi da masu talla, a kasuwannin intanet na Sin da sunan rawar ake tallarta: guǎngchǎngwǔ yīnxiǎng, ko 拉杆音箱 lāgǎn yīnxiāng. Akwai kuma 外放 wàifàng, sakin sautin waya a cikin mutane ba tare da abin kunne ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Shanghai ya hana shi tun Disamba 2020, a watan ne kuma aka fara gwada taragon shiru, jìngyīn chēxiāng, a jirgi mai gudun gaske tsakanin Beijing da Shanghai.

Abin da ake faɗa a wurin gwada kaya

Nan ne nake so ka fi zuba ƙarfinka, domin littattafan shirin HSK, jarrabawar gwada iya Sinanci, ba za su ba ka waɗannan a matakan farko ba. Na yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a ɗakunan gwaji a Panyu, ɓangaren Guangzhou da ya yi suna wajen kayan sauti, kuma kusan kullum abu ɗaya ke faruwa. Alhaji na tsaye yana cewa a ƙara, a ƙara. Ma'aikacin na murɗawa a hankali, kunnensa a karkace, can sai ya ɗaga yatsa ya ce pò le, ya fashe. Ya kai inda takardar lasifikar ta fara karkarwa, muryar mai waƙa ta fara tsagewa. Wannan shi ne 破音 pòyīn, injiniya kuma 失真 shīzhēn zai ce. Tambayar da ta fi kowace amfani a ɗakin ita ce: 开到最大会不会破音 kāi dào zuì dà huì bu huì pòyīn, in an ƙure ta, za ta fashe? Domin ka san mutanenmu, ba a sayen lasifika don a kunna ta rabi.

Sauran aibobin sauti kowanne da sunansa. 杂音 záyīn shi ne shuu ko ƙaraf-ƙaraf da ke bin bayan sauti. 电流声 diànliúshēng gunjin lantarki ne da ake ji ko ba a sa komai ba. 啸叫 xiàojiào shi ne kukan nan ƙiiii da ke tashi in makirfo ya matso kusa da lasifika, wanda ke sa sahun gaba toshe kunne ranar Juma'a. In makirfo kake saye, musamman daga Enping, garin da ya shahara da ƙera su a lardin Guangdong, ka nemi mai 防啸叫 fáng xiàojiào. Amfilifaya 功放 gōngfàng ce, ƙarfinta 功率 gōnglǜ, wat kuma 瓦 wǎ. Akwatin kakkauran sauti suna ce masa 低音炮 dīyīnpào, igwar kauri. Doguwar lasifikar da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci 高音喇叭 gāoyīn lǎba ce. In wata rana shagonku ya shiga harkar janareta ko babur, kalmar da za ka buƙata ita ce 异响 yìxiǎng, baƙuwar ƙara a cikin inji, da 静音 jìngyīn, marar ƙara. Ita jìngyīn ɗin a jikin kwali kada ka ɗauke ta a zahirinta. Ka tambayi fēnbèi nawa, kuma daga nisan mita nawa aka auna.

Inda Bahaushe ya fi kowa sa'a

Kalmomin kwaikwayon sauti, 拟声词 nǐshēngcí, suna ba ɗalibai da yawa wahala, amma mu mun taso da amsa-kama a baki: ya faɗi tim, ya rufe ƙofa garam, ya mare shi tas. Sinawa ma haka. 砰 pēng ƙarar ƙofa ce ko bindiga ko fashewar taya. 轰 hōng ta abu babba ce, bam ko rushewar gini, 轰隆隆 hōnglōnglōng kuma rugugin tsawa ko na manyan injuna. 咚咚 dōngdōng ganga ce ko bugun ƙofa. 啪 pā mari ne ko tsinkewar abu. 哗啦啦 huālālā ruwan sama ne mai ƙarfi. 咣当 guāngdāng ƙarfe ne ya faɗi. 嗡嗡 wēngwēng gunji ne irin na ƙudan zuma ko na taransifoma, kuma za ka iya bayyana matsalar amfilifaya da shi in diànliúshēng ta ɓace maka. 噼里啪啦 pīlipālā ita ce ta biānpào, ratatata ba tsayawa. Sauƙin da ke ciki, kusan dukkansu da na ɗaya a cikin karin sauti huɗu na Sinanci ake faɗarsu, a sama a miƙe.

Bambancin yana wurin zama. Namu bayan aikatau suke zuwa, nasu gaba. Ƙirar da za ka haddace ita ce "sauti, de yì shēng, sannan aiki": 门砰的一声关上了 mén pēng de yì shēng guānshang le, ƙofa ta rufe garam. Gōngfàng pā de yì shēng jiù bù xiǎng le, amfilifaya ta yi tas, shi ke nan ta yi shiru. Jimla irin wannan ta fi dogon bayani saurin fahimtar da mai gyara abin da ya ƙone. In sautin mai ci gaba ne, sai a ce wēngwēng de xiǎng, tana ta gunji.

Aikatan ɗaga murya ba su da wuya, zan wuce su da sauri. 喊 hǎn ƙwala kira ne, 叫 jiào kira ko kuka, ta mutum da dabba, 尖叫 jiānjiào ƙara ce ta firgita, 吼 hǒu daka tsawa ko rurin zaki, 嚷 rǎng kwakwazo, 吆喝 yāohe kuma kiran mai talla. Bié hǒu wǒ, kada ka daka mini tsawa.

Masu gaɓa huɗu

Waɗannan su ne 成语 chéngyǔ, dunƙulallun maganganu da aka gada daga tsohon adabi. 震耳欲聋 zhèn ěr yù lóng, ƙara mai girgiza kunne har ta kusa kurumtar da shi, ita ce wadda aka fi ji, kuma ita kaɗai zan ce ka riƙe yanzu. 人声鼎沸 rén shēng dǐng fèi hayaniyar taro ce da aka kamanta da tafasar dǐng, tukunyar tagulla ta zamanin da. 响彻云霄 xiǎng chè yún xiāo, sautin ya keta gajimare, ta masu rubuta rahoton biki ce. Akwai mai tarko a cikinsu: 如雷贯耳 rú léi guàn ěr, "kamar tsawa ta ratsa kunne", ba ƙara take nufi ba, shaharar suna take nufi, ana faɗa wa babban mutum ranar haɗuwar farko cewa an daɗe ana jin sunansa. Sai wani karin magana da ba na gaɓa huɗu ba amma ɗan kasuwa zai so shi: 雷声大,雨点小 léishēng dà, yǔdiǎn xiǎo, tsawa da yawa, ruwa kaɗan, ga mai cika baki ba aiki.

Ra'ayina a kansu ba ya yi wa wasu ɗalibai daɗi, domin suna son burge Sinawa da su. Wanda bai gama rarrabe bù xiǎng da búgòu xiǎng ba amma yana jefa chéngyǔ, kamar mai naɗa rawani ne bai sa wando ba. Za su tafa maka, sannan su turo kayan da ba su ka nema ba.

Furuci, inda kuɗi ke iya salwanta

Hausa na da karin sauti, sama da ƙasa da faɗau, don haka kunnenka ya riga ya horu. Na ɗaya a Sinanci ya yi kusa da namu na sama, na huɗu ya yi kusa da faɗau, na uku a tsakiyar magana yawanci ƙasa kawai yake zama. Wanda ba mu da shi shi ne na biyu, mai hawa, kuma shi ke cikin hóng, liáo, cáo, zá, léi, lóng. Dabarar da nake ba ɗalibai: faɗi "riga", ka ji yadda gaɓar farko ke ƙasa ta biyu ta hau, sannan ka matse wannan hawan cikin gaɓa ɗaya. Za ka buƙace shi fiye da yadda kake zato, domin in na uku biyu suka haɗu, na farkon komawa yake na biyu: ana rubuta hěn xiǎng da hěn chǎo, ana furta hén xiǎng da hén chǎo.

Kalmomi huɗu ne nake so ka zauna da su har sai sun rabu a kunnenka: 音箱 yīnxiāng akwatin lasifika, 音响 yīnxiǎng kayan sauti gaba ɗaya, 影响 yǐngxiǎng tasiri, 印象 yìnxiàng yadda abu ya zauna maka a rai. Biyun farko a kan takardar oda suna iya zama bambancin akwati ɗaya da saiti guda.

Sai haruffa. Harafin c a pinyin, wato rubutun Sinanci da haruffan boko, ba namu ba ne na "ci" da "cika". Ya fi kusa da ts, amma da fitar iska maimakon maƙalewar maƙogwaro. Bahaushe na ganin cáozá sai ya karanta ta kamar chǎo. Ka kuma kiyaye karin sautinta sosai, domin gaɓar nan in ta faɗo da na huɗu ashar ce mai nauyi. P kuma ba f ba ce: rufe leɓɓa gam sannan ka sake su da iska, in ba haka ba pēng ɗinka zai fita fēng, iska. Wani abin da na lura da shi a kasuwa: mutum na fara ɗaga murya sai duk gaɓoɓinsa su koma faɗau, kamar mai faɗa. Ka gwada faɗar jimlolinka da ƙarfi a inda ake hayaniya, ba a ɗaki kaɗai ba.

Yadda za su zauna a ka

Rubutun kansa na taimako. Yawancin kalmomin nan suna da ɗan akwatin nan 口, baki, a hagunsu: 响 吵 喊 叫 吼 喧 嘈 噪 咚 啪 嗡. Ɓangaren dama kuma sau da yawa yana nuna furuci: 向 xiàng a cikin 响, 少 shǎo a cikin 吵, 冬 dōng a cikin 咚. In ka ga baƙon harafi da baki a gefe a tsakiyar labari, akwai kyakkyawan zaton sauti ne. Canza bakin da wuta ka samu 炒, ita ma chǎo, amma suya, kamar a chǎofàn, soyayyiyar shinkafa.

Kada ka haddace kalma tsirara. Kowace ka ɗaura ta a jimla guda da ta shafi abin da kunnenka ke ji a shago: janaretan maƙwabci tài chǎo le, sabon makirfo yǒu záyīn, kasuwa ana gobe sallah hěn rènao. In kana amfani da manhajar hadda ta Anki ko katunan da ke cikin ƙamus ɗin waya na Pleco, a gaban katin rubuta halin da Hausa, misali "mai saye ya ce tana yi amma ba ta tashi", a bayansa jimlar Sinanci. Sannan ka buɗe kasuwannin intanet na Taobao ko JD, ka nemo lasifika irin taku, ka gangara wurin ra'ayoyin masu saye. Nan za ka ga kalmomin nan a bakin talakawa, gajeru, ana ta maimaita su, masu yabo da masu zagi, kuma cikin mako biyu za ka fara gane wace ke tafiya da wace ba tare da ƙamus ba.

Rabon da na yi na aunawa da yabo da kuka dabarar koyarwa ce, iyakokinta na yoyo. Tài xiǎng le ƙorafi ne duk da xiǎng ba ta da laifi, uwa kuma na iya ce wa jikokinta chǎo tana murmushi. Yankuna ma sun bambanta: mutanen arewa na ƙara r a ƙarshe su ce yìdiǎnr, na kudu ba su cika yi ba, kuma a kudu za ka fi jin hěn dàshēng inda na arewa zai ce shēngyīn hěn dà. Duk abin da na kawo na daidaitaccen Sinanci ne, Putonghua. 'Yan asalin Guangzhou a tsakaninsu harshen Kanton suke yi, inda kalmar yau da kullum ta hayaniya ita ce 嘈, ba 吵 ba, furucin kuma daban ne. Da kai dai Putonghua za su yi. Rubutu kuma ba ya koyar da kunne. Ka roƙi mai kayanku ya riƙa turo maka saƙon murya a manhajar WeChat tare da rubutaccen, ka saurara, ka maimaita, ka tura masa naka ya gyara. Yawancinsu suna jin daɗin hakan, musamman in oda na tafe.